DAMBEN MANYA: NA DA KO NA YANZU, WA YA FI GWANINTA?

Ran 20 ga watan Janairu na shekarar 1970, jama'a suka yi cincirindo a gidajen silima na Amurka don su kalli wani dambe wanda ba a taɓa yin sa ba. An ce Rocky Marciano, wanda ya aje dambe tun 1956 ba tare da an taɓa cinye shi ba, zai kara da Muhammadu Ali, wanda a lokacin nan aka hana shi hawa dandali saboda ya ƙi shiga soja. Yadda aka shirya abin shi ne, cikin 1969 aka kai su biyun wani ɗaki a birnin Miami, suka yi ta wasan naushi ana ɗaukar hotonsu, sa'an nan aka ɗura wa wata kwamfuta labarin damben kowannensu, aka ce ta yanke hukunci. Kwamfuta ta ba Marciano, wai ya kayar da Ali a turmi na 13. Marciano bai ga fim ɗin ba, gama ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a watan Agustan 1969. Da aka zo Ingila kuwa, sai aka nuna wa mutane wani ƙarshe dabam, inda Ali ne ya ci.

Watau ko na'ura ba ta raba wannan gardama ba, kuma har yau tana nan da ranta. Duk inda masu sha'awar damben zamani suka taru, dattijo zai ce tun da Joe Louis da Ali suka kau ba a sake yin ɗan dambe ba, saurayi kuwa ya ce waɗancan mutanen ƙanana ne, da sun gamu da ƙattin yanzu da an ɗauke su a makara. Maganar ta wuce hirar dare, domin amsarta ce ke nuna wa yaro mai koyon dambe abin da zai kashe ƙuruciyarsa yana nema, ko ƙarfin damtse, ko kuwa sanin aiki.

MENE NE GWANINTA?

Kafin a auna, sai an san da wane mudu za a auna. Ƙarfin naushi baiwa ce, haka nan taurin haɓa da tsawon hannu, duk da su ake haifar mutum. Gwaninta kuwa aba ce da ake koya a gaban malami, kuma masana dambe sukan duba ta a wurare huɗu. Na farko, miƙaƙƙen naushin hannun gaba, wanda da shi ɗan dambe ke auna tazara, yake makantar da abokin karonsa, yake buɗe ƙofa ga babban naushi. Na biyu, aikin ƙafa, watau mutum ya tsaya inda shi zai iya duka amma ba za a iya dukansa ba. Na uku, kariya, ko ta kauda kai, ko ta tare naushi da safa, ko ta rungume abokin karo a lokacin da ya dace. Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne karanta abokin karo, a gane laifinsa, a kuma sake dabara a tsakiyar faɗa in ta farko ta ƙi ci.

ZAMANIN HOTO MAI TSALLE

Damben zamani ya samu ƙa'idodinsa ne a Ingila cikin 1867, inda aka ce a sa safar hannu, turmi ya zama minti 3, hutu minti 1, wanda ya faɗi kuma a ƙirga masa goma. Amma sai da aka daɗe kafin ƙa'idodin su zauna. A 1889 John L. Sullivan da Jake Kilrain sun yi turmi 75 da hannu tsirara a jihar Mississippi. A 1892 ne James Corbett, wani tsohon akawun banki, ya nuna abin da ƙafa za ta iya yi, ya yi ta zagaya Sullivan yana tsikararsa har ya kayar da shi a turmi na 21.

Samari da yawa in sun kalli hotunan wancan zamani sai su yi dariya, su ce mutanen suna tsalle-tsalle kamar fara. Ya kamata a tuna cewa da hannu ake juya na'urar ɗaukar hoton, kuma hotunan da take kamawa cikin daƙiƙa ɗaya ba su kai na yau yawa ba, saboda haka naushi mai sauri yakan ɓace a tsakanin hoto da hoto. Bugu da ƙari, safar lokacin ƙarama ce, kamar rabin nauyin ta yau, ba ta isa mutum ya ɓuya a bayanta ba, kuma akan shirya karo na turmi 20 har zuwa 45. Wanda zai yi turmi 45 tilas ya yi tattalin ƙarfinsa.

A wannan hali ne Jack Johnson ya yi fice. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe kambin duniya na ajin masu nauyi, bayan ya cinye Tommy Burns a birnin Sidni na Ostireliya a watan Disamban 1908. Johnson yakan buɗe tafin hannu ya cafe naushi tun yana hanya, ko ya dafe damtsen abokin karonsa kafin naushin ya fito, in sun rungumi juna kuma ya soka masa wanda ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa. Haka ya wahalar da Jim Jeffries a 1910 har turmi na 15. Bayansa Jack Dempsey ya zo da wani salo, na sunkuyawa da kutsawa da naushi gajere daga hannu biyu. A 1919 ya kayar da Jess Willard sau 7 a turmin farko, alhali Willard ya fi shi da wajen kilo 26. Shi ma Dempsey ya gamu da gamonsa, gama Gene Tunney, wanda ya yi shekaru yana nazarin damben Dempsey, ya cinye shi da maki a 1926 da 1927 ta hanyar ja da baya da miƙaƙƙen naushi.

ƊALIBIN DA YA HADDACE KARATU

In ana maganar yadda ake jefa naushi bisa ƙa'ida, masu horarwa da yawa Joe Louis suke nuna wa almajiransu. Malaminsa Jack Blackburn ya koya masa kada ya ɗaga ƙafa sai da dalili, kada naushi ya ɗauke shi daga tsayuwarsa, kuma kowane naushi ya bar shi a shirye ya jefa na gaba. Naushin Louis ba ya yin doguwar tafiya, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, sai uku ko huɗu a jere, kowanne a inda aka aike shi. Ya riƙe kambi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25.

Duk da haka yana da laifi guda. Bajamushen nan Max Schmeling ya zauna ya yi ta kallon finafinan damben Louis, har ya lura cewa in ya jefa hagu yakan sauke hannun kafin ya mayar da shi wurin tsaro. A 1936 Schmeling ya yi ta aika dama ta wannan kafa, ya kayar da shi a turmi na 12. Louis ya koma gaban malaminsa ya gyara, da suka sake haɗuwa a 1938 kuwa cikin minti 2 da daƙiƙa 4 aka tashi. Wannan labari ya isa ya nuna cewa nazarin abokin karo ta hanyar hoto ba 'yan yanzu suka fara shi ba. A 1941 kuma Billy Conn, wanda bai kai kilo 80 ba, ya nuna cewa mai saurin ƙafa zai iya rikita Louis, don yana gaba da maki har turmi na 12, sai ruwan ido ya ɗebe shi ya tsaya musayar naushi, Louis ya gama da shi a na 13.

Marciano, wanda ya riƙe kambi daga 1952 zuwa 1956, ba a sa shi cikin masu kyawun dambe, amma malaminsa Charley Goldman ya mai da gajartarsa makami. Ya koya masa ya ƙara duƙawa ya karkata dama, har dogon mutum ya rasa inda zai same shi sosai. Karo 49 ya yi, ya ci duka, 43 daga ciki tun kafin ƙararrawar ƙarshe.

WANDA YA KARYA DOKA

Sa'an nan sai ga Muhammadu Ali, wanda kusan duk abin da malamai ke hanawa shi yake yi. Yakan sauke hannuwansa, yakan kauce wa naushi ta ja da kai baya, kuma da ƙyar yake dukan ciki. Abin da ya rufa masa asiri shi ne ido da ƙafa da sanin tazara, har naushi ya wuce hancinsa da ɗan yatsa ɗaya shi kuwa ya mayar da uku. Da haka ya sa Sonny Liston ya ƙi tasowa turmi na 7 a watan Fabrairun 1964, shekarar da ya kawo ziyara Ghana da Nijeriya da Masar. Masana da yawa sun ce karonsa da Cleveland Williams a 1966 shi ne ƙololuwar abin da ƙaton mutum zai iya yi da ƙafa.

Da ya dawo a 1970 bayan hanin fiye da shekara uku, ƙafar ta rage, sai laifuffukan suka fito fili. Wani malamin dambe mai suna Eddie Futch ya karance shi sarai. Ya lura Ali yakan sauke dama in zai jefa naushin haɓa, sai aka umarci Joe Frazier ya riƙa sakin hagunsa mai lanƙwasa kamar lauje a daidai wannan lokaci, kuma irin wannan hagun ce ta kai Ali ƙasa a turmi na 15 ran 8 ga Maris 1971. Futch ɗin nan dai shi ya shirya Ken Norton, wanda ya karya wa Ali muƙamuƙi a 1973.

To, a nan ne mudu na huɗu ya nuna kansa. Ran 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa, Ali yana da shekara 32 ya fuskanci George Foreman mai shekara 25, wanda ya kayar da Frazier sau 6 cikin turmi biyu. Ali ya ga ba zai iya rawa turmi 15 a gaban wannan saurayi mai iya tare hanya ba, sai ya sake dabara nan take. Ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya riƙa danne wuyan Foreman yana gajiyar da shi, yana kuma sakar masa dama ba gargaɗi, har ya kayar da shi a turmi na 8. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Larry Holmes, wanda ya yi shekaru yana abokin atisayen Ali, shi ya gaji miƙaƙƙiyar hagu ya ƙara mata nauyi, ya riƙe kambi daga 1978 zuwa 1985. Mike Tyson kuma, wanda ya ci kambi a 1986 yana ɗan shekara 20, mutane sukan tuna ƙarfinsa su manta karatunsa. Malaminsa Cus D'Amato ya koya masa manna safa a kumatu da kaɗa kai hagu da dama, kuma tun yana yaro yakan kwana kallon tsofaffin finafinan su Dempsey. Da ya rage kaɗa kan nan, sai Buster Douglas ya same shi da doguwar hagu a Tokyo cikin 1990.

HUJJAR 'YAN YANZU

Babbar hujjar masu goyon bayan na yanzu ita ce girma, kuma hujja ce mai ƙarfi. Dempsey da Marciano wajen kilo 85 suke, Louis wajen 90, Ali a ƙuruciyarsa wajen 96. Lennox Lewis da Wladimir Klitschko kuwa kowannensu ya kai kilo 110, tsawonsu ƙafa 6 da inci 5 ko 6, Tyson Fury ma ya ɗara su. Tun 1979 aka ƙirƙiro wani aji a ƙarƙashin na manya, wanda daga baya aka tsai da iyakarsa kusan kilo 91, watau da Dempsey da Marciano a can za a sa su.

Na da ma sun yi ƙatti, irin su Willard da Primo Carnera, wanda Louis ya tsayar a turmi na 6 cikin 1935 ko da yake ya fi Louis da kusan kilo 30. Bambancin shi ne ƙattin baya-bayan nan sun iya dambe. Emanuel Steward na birnin Detroit shi ya fi kowa aiki a nan. Shi ya shirya Oliver McCall ya buge Lewis a 1994, sa'an nan ya karɓi Lewis ya gyara masa tsayuwa da hagu. Haka ya yi wa Klitschko bayan an buge shi a 2003 da 2004, ya koya masa ya tsare mutum a bakin hagunsa, in ya matso ya rungume shi ya ɗora masa nauyi. 'Yan Nijeriya sun ga amfanin wannan karatu a 2005, lokacin da Samuel Peter, ɗan jihar Akwa Ibom, ya kai Klitschko ƙasa har sau 3 amma duk da haka ya faɗi da maki, domin a sauran turamen hagun Klitschko ce ta yi ta aiki. Peter ya ci kambin WBC daga baya, a watan Maris na 2008.

HUJJAR NA DA

Masu goyon bayan na da su ma ba su rasa ta cewa ba. Na farko, karon kambi turmi 15 ne a zamaninsu. An rage shi zuwa 12 bayan rasuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a 1982, kuma ragewar ta ceci rayuka, amma ta sauya lissafi. Da turmi 12 ake yi, da Conn ya karɓe kambin Louis, da kuma Jersey Joe Walcott ya cinye Marciano a 1952, gama yana gaba da maki aka kayar da shi a na 13. Ƙato mai kilo 120 da ya san akwai turmi uku a gaba bayan na 12, dole ya rage nama.

Na biyu, yawan aiki. Louis ya kare kambinsa sau 7 cikin 1941 kaɗai, Ali sau 5 cikin 1966, Archie Moore kuwa ya yi karo fiye da 200 a rayuwarsa. Zakarun wannan ƙarni sau ɗaya ko biyu suke hawa dandali a shekara. Dambe sana'ar hannu ce kamar ƙira, kuma maƙerin da ke hura wuta kullum ba a haɗa shi da mai hurawa sau biyu a shekara. Shi ya sa dattawa ke kukan cewa damben kusa-da-kusa, da dukan ciki, da yaudara da kafaɗa, duk sun yi ƙaranci.

WAƊANDA SUKA RATSA ZAMANI BIYU

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane. Kowane zamani yakan ga gwanin da ya gabace shi ne a ranar tsufansa. Marciano ya buge Louis a 1951 yana da shekara 37, Holmes ya cinye Ali a 1980 yana da 38, Tyson ya buge Holmes a 1988 shi ma yana da 38, Lewis ya buge Tyson a 2002. Waɗannan ba su nuna komai ba sai cewa tsufa ba ya barin kowa.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsofaffin da suka dawo suka yi abin mamaki. A 1992 Holmes yana da shekara 42 ya koya wa Ray Mercer dambe, alhali Mercer ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 1988 kuma ba a taɓa cinye shi ba. Foreman ya yi shekara 10 ba ya dambe, ya dawo a 1987, ya yi turmi 12 cur da Evander Holyfield a 1991, sa'an nan ran 5 ga Nuwamba 1994, yana da shekara 45, ya kayar da Michael Moorer mai shekara 26 a turmi na 10 ya sake zama zakaran duniya. Sauri ya tafi, numfashi ya ragu, abin da ya saura a hannunsu shi ne karatun da suka yi a shekarun 1970, kuma karatun ya ci kasuwa bayan shekara 20.

Daga ɗaya gefen kuma sai ga Oleksandr Usyk na ƙasar Yukiren, bahago, wanda tsawonsa ƙafa 6 da inci 3, daidai da na Ali. Ya yi karo fiye da 300 kafin ya shiga damben kuɗi, ya taso daga ajin da ke ƙasa. Ya cinye Anthony Joshua, wanda asalinsa ɗan Shagamu ne, a 2021 da 2022, ya kuma cinye Fury sau biyu a birnin Riyad cikin 2024. A karonsu na watan Mayu Fury ya fi shi da wajen kilo 18 da inci 6. Da ƙafa ya ci su, da hannun gaba wanda ba ya hutawa, da matsin da ke hana ƙato numfashi. Usyk ya rushe hujja biyu a lokaci guda, ta mai cewa girma ya gama magana, da ta mai cewa gwaninta ta mutu tare da mutanen da.

INDA MAGANA TA TSAYA

In aka bi mudun nan huɗu, babu zamanin da ya kwashe duka. Wajen tsabtar naushi da jera shi, da wuya a sami wanda ya wuce Louis. Wajen miƙaƙƙiyar hagu, Holmes ne a gaba, Liston da Lewis da Klitschko na biye. Wajen tare naushi da hannu, Johnson. Wajen kauda kai ana kutsawa, Tyson na shekarun 1986 zuwa 1988. Wajen ƙafa, Ali na 1966 da Usyk. Wajen sake dabara a tsakiyar wuta kuwa, daren Kinshasa ya isa shaida. In kuma ana tambayar zamanin da gwanaye suka fi taruwa a lokaci guda har suka gwada juna, to shekarun 1970 ne, sai na 1990 su biyo baya.

Mai karatu zai lura cewa kusan duk inda aka ambaci gwani, an ambaci malaminsa: Blackburn, Goldman, Futch, D'Amato, Steward. Futch ya yi atisaye da Louis a Detroit yana saurayi, ya rayu har ya horar da Riddick Bowe wanda ya ci kambi a 1992. Ashe abin da ake kira damben da, da abin da ake kira damben yanzu, igiya ɗaya ce, hannu ke miƙa wa hannu. Masu gudu da masu tsalle ana auna su da agogo da awo, a ce na bana sun fi na bara. Ɗan dambe kuwa da mutumin da ke gabansa ake auna shi, kuma wannan mutumin ba ya dawowa. Saboda haka gardamar dattijo da saurayi ba za ta ƙare ba. Amma yaron da ke ɗaure safa yau, in ya samu malami, ya kuma zauna ya kalli Louis yana jefa naushi da Ali yana taka ƙafa kamar yadda Tyson ya zauna ya kalli Dempsey, shi ne zai ci ribarta.